Filin Tambayoyinku: Ma'aikatana Suna Aiki, Amma Kowa Da Inda Ya Dosa

Wasiƙun wannan fitowar duk daga Saudiyya suka zo, daga 'yan'uwa masu riƙe da ma'aikata a Makka da Jidda da Madina. Mun sakaya sunayensu kamar yadda suka nema.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina kula da wani kicin a Makka da ke dafa wa alhazan Najeriya abinci. Ma'aikatanmu na dindindin 9 ne, amma lokacin aikin Hajji mukan kai 40. Kullum kafin a fara aiki nakan tara su in tuna musu cewa baƙin Allah muke yi wa hidima, kowa ya gyaɗa kai. Duk da haka, bara sau da yawa abincin rana ba ya isa masauki sai wajen La'asar. Masu girki su ce laifin masu zubawa ne, masu zubawa su ce direbobi ne, direbobi su ce cunkoso ne. Yaya zan yi bana?

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Nasiharka gaskiya ce, kada ka daina. Illarta ɗaya, ba ta gaya wa mai yankan albasa abin da ake so ya gama kafin ƙarfe 7 na safe. Hidimar baƙin Allah niyya ce, kuma kowa a kicin ɗin zai rantse yana da ita. Abin da ba su da shi shi ne magana guda mai lokaci da wuri, wadda da yamma kowa zai iya cewa mun cika ta ko ba mu cika ba. Misali: kowane alhaji da ke hannunmu ya karɓi abincin rana da zafinsa kafin ƙarfe 1:30. Ka rubuta ta da Hausa da Larabci a jikin allo kusa da ƙofar kicin.

Daga nan sai ka yi lissafi daga ƙarshe zuwa farko, kuma ka yi shi tare da babban kuku da shugaban masu zubawa da direban da ya fi daɗewa, ba kai kaɗai a ofis ba. A ce hanya da shingaye suna cin awa 1, sauke kaya da rabawa minti 15. Dole mota ta tashi 12:15. Lodi minti 20, wato zubawa ta ƙare 11:55. Idan mazubi 1,200 ne, kuma layi ɗaya yana rufe 10 a minti, layi ɗaya zai ci awa 2, layi biyu awa 1. Ke nan da layi biyu, shinkafa da miya su sauka daga wuta kafin 10:55. Waɗannan lambobi misali ne. Ka ɗauki agogo ka auna naka kwana 3 a jere kafin alhazai su cika gari. Sau da yawa a nan ake gano cewa babu malalaci ko ɗaya, layin zubawa ne ya yi kaɗan, ko kuma murfin mazubi yana can sito ba wanda aka ɗora wa ɗauko shi.

Wuri uku ne aiki ke sauya hannu a wurinka: daga tukunya zuwa zubawa, daga zubawa zuwa mota, daga mota zuwa wakilin masauki. A kowane ɗaya ka ajiye takarda guda: ƙarfe nawa, adadi nawa, sa hannun mai bayarwa da na mai karɓa. Ka faɗa musu tun farko cewa ba don a kama wani aka yi ta ba, don a ga inda mintoci ke zubewa ne. Idan ka yi amfani da ita ka ci wani tara a makon farko, daga ranar kowa zai riƙa rubuta lokacin da zai wanke shi, takardar ta mutu.

Bayan sallar Asuba a yi tsayuwar minti 10, a tsaye, ba shayi ba kujera. Abu uku kawai: jiya ƙarfe nawa abinci ya isa, me ya tsare mu, wa zai gyara shi yau. Hanya biyu wannan taro yake lalacewa. Ko dai maigida ya mayar da shi wa'azin rabin awa, ko ya mayar da shi kotu. Wanda ya yi kuskure, ka kira shi gefe daga baya.

Mutum 40 sun fi ƙarfin idonka. Ka raba sababbin nan 31 a ƙarƙashin tsofaffin ma'aikatanka, kowane tsoho ya riƙe uku ko huɗu, ya san sunayensu, ya san wanda ya ci abinci da wanda bai ci ba. Sannan kowace rana ka ɗauki mutum ɗaya daga cikin kicin, ko da mai wanke tukunya ne, ya bi motar rabo. Gani ya kori ji. Wanda ya ga tsohuwa zaune a bakin ƙofar masauki tana jiran abinci don ta sha maganin ciwon suga, ba sai ka sake yi masa nasiha a kan lokaci ba.

Idan za ka ba da tukuici, ka ɗora shi a kan isar abinci, a raba wa kowa, daga kuku har mai shara. Ka ce duk mako da aka cika alkawarin 1:30 kwana 6 cikin 7, akwai kaza ga kowa. Kada ka ba kowane sashe nasa daban. Kukun da ake saka wa don sauri zai sauke abinci da wuri ya bar shi yana hucewa, alhali dafaffen abinci ana so ya zauna sama da digiri 60, kuma idan ya wuce awa 2 a ajiye ba a kan zafi ba ya fara zama haɗari ga ciki. Direban da ake saka wa don sauri kuwa zai tashi da rabin lodi.

Abu biyu kuma da ke rusa duk wannan. Na farko gajiya: dokar ƙwadago ta Saudiyya ta yarda a ƙara lokaci a irin wannan yanayi na matsin aiki, amma ba a wuce awa 10 a rana ko 60 a mako ba, kuma abin da ya ɗara lokacin aiki na ƙa'ida biyansa ake yi. Na biyu takardu. Mai taɓa abinci sai da takardar lafiya ta baladiyya, wato hukumar birni, ma'aikacin wucin gadi sai da izinin aiki na halal, irin wanda ake fitarwa ta manhajar Ajeer, da tasrihi, wato takardar izinin zama a Makka a kwanakin Hajji. Mutumin da rabin hankalinsa ke ƙofa yana tsoron masu bincike ba zai damu da ƙarfe 1:30 ɗinka ba.

TAMBAYA: Ni ne mudir, wato manaja, a wani ofishin kargo a Jidda, muna aika kaya Kano da Yamai. Mu 11 ne: akwai Hausawa haifaffun nan, akwai waɗanda suka zo daga Najeriya da Nijar, da Hausawan Sudan biyu, da ɗan Yaman, da 'yan Bangaladash biyu. Kowa da ɓangarensa, har cin abinci. Kuma akwai ɗan yayata da na ɗauka, yana yawan makara, na kasa yi masa magana don kada zumunci ya ɓaci. Ta ina zan fara haɗa kansu?

AMSA: Malam, ka riga ka faɗi inda za ka fara, a ƙarshen wasiƙarka. Mutum goma suna kallon agogo duk safiya idan yaron nan ya shigo, sannan su kalle ka. Muddin akwai ɗan mowa a ofis, sauran duk 'yan bora ne, kuma ɗan bora wurin 'yan garinsu yake komawa neman mai jin kukansa. Rabuwar da kake gani a kan abinci rassa ce, saiwar tana nan.

Ka fara da yayarka kafin ɗanta. Ka taka ka je gida, ka ce mata: Yaya, daga farkon wata doka ɗaya za ta hau kan kowa a ofis, har da ɗanki, na zo in sanar da ke don kada ki ji a bakin wani. Wannan ziyarar ce take tsare zumunci, ba kawaicin da kake yi ba. Sai ka zauna da yaron ku biyu. Sai ka karanta wa kowa dokar a rana ɗaya: lokacin shiga, minti nawa ake ɗaga ƙafa, me ke biyo bayan makara ta farko da ta biyu da ta uku. Kai ma ka sa hannu a rajistar shigowa.

Ka bi hukunci yadda doka ta tsara, don a nan manyan ofis da yawa suke faɗawa. Ba a hukunta ma'aikaci sai an sanar da shi laifinsa an ji ta bakinsa an rubuta. Tarar laifi ɗaya ba ta wuce albashin kwana 5, kuma ba a cire fiye da na kwana 5 a wata ɗaya da sunan tara. Laifin da ka gano ka yi shiru har kwana 30 suka wuce, ba ka da damar tono shi. Kuɗin tara kuma ba na aljihun maigida ba ne, rajista ake buɗe musu a kashe su a abin da zai amfani ma'aikata. Idan suka ga tarar makara ta koma sayen firjin ruwan sanyi na kowa, ƙorafi yana raguwa.

Bayan haka ka duba rabon aiki da idon baƙo. Wa ke zaune gaban kwamfuta a cikin sanyi, wa ke ɗaga kwali mai kilo 30 a bayan sito? Idan amsar tana bin ƙabila, ka san abin da suke faɗa idan ba ka nan. Ba dole kowa ya iya kwamfuta ba, amma ana iya karɓa-karɓa a ɗaukar kaya da tsayuwar ranar hutu da zuwa filin jirgi, a lika jadawalin a bango. Kyautar da masu kaya ke bayarwa a zuba ta akwati ɗaya a raba ƙarshen wata, domin mai tsayuwa a gaba ne kaɗai yake ganinta, alhali mai ɗaure kwalin yana ciki. Lodin waje kuma ka tuna da dokar hana aiki cikin rana daga ƙarfe 12 zuwa 3, daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba.

Sai harshe. Hausawa ne suka fi yawa a wurinka, kuma abu ne mai sauƙi ku ɓarke da hira da dariya ɗan Bangaladash yana tsaye bai san ko da shi ake ba. Hira ba laifi, amma umarnin aiki da duk wata sanarwa a yi su da Larabcin da kowa ke ji. Ka haɗa aiki bibbiyu daga ɓangare daban: mai awo Bahaushen Sudan, mai rubutawa ɗan Nijar, su biyun ne za su amsa idan nauyi bai yi daidai ba.

Manufarku kuma mai sauƙin faɗa ce: kwalin da aka ba mu amana ya isa hannun mai shi a rufe, a ranar da muka ce. Duk Alhamis ka rubuta a allo kwali nawa suka tafi, nawa suka isa lafiya, nawa suka makara. Idan wata uwa a Kano ta turo saƙon murya tana sa albarka kayan auren 'yarta sun iso, ka nemi izininta ka kunna wa kowa, ka fassara wa waɗanda ba sa jin Hausa. Cin abinci tare a faranti ɗaya sau ɗaya a mako yana da kyau, yau kabsa gobe tuwo, kai ma a ƙasa tare da su. Amma ka bari sai maganar ɗan yayarka ta daidaita tukuna.

TAMBAYA: Ina da shagon ɗinkin mata a Madina, mata 6 ke aiki tare da ni. A azumi muna kwana a kan keke har daren Sallah. Kusan kowace shekara bayan Sallah sai ɗaya ko biyu su ajiye aiki, kuma gwanayen ne ke tafiya. Ba ni da halin ƙara albashi. Akwai wata dabara?

AMSA: Hajiya, kafin dabara sai a duba haƙƙi. A watan Ramadan lokacin aikin Musulmi a doka awa 6 ne a rana ko 36 a mako, maimakon 8 da 48 na sauran watanni. Abin da ya haura wannan ƙarin lokaci ne, kuma ladansa shi ne kuɗin awa ɗaya da ƙarin rabin na ainihin albashi. A ce albashin ma'aikaciyarki riyal 2,400 ne babu alawus. Rana ɗaya 80, awa ɗaya 10, awar ƙari 15. Idan ta ƙara awa 3 a dare 20, kin ci bashinta riyal 900. Idan abin da kike ba ta a daren Sallah turmin atamfa ne da riyal 200, ta iya lissafi, kunya ce ta hana ta faɗa. Hadisi ya ce a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe. Ki sa wannan kuɗi cikin farashin ɗinkin azumi tun daga watan Sha'aban, ki kuma tsayar da ranar rufe karɓar kaya, misali 15 ga azumi. Yawancin kwanan shago daga kayan da aka karɓa don kunyar ido a goman ƙarshe yake fitowa.

Ki zauna da kowace ki nuna mata kuɗin sallamarta a rubuce. Doka ta ce rabin albashin wata a kan kowace shekara cikin biyar na farko, cikakken wata a kan kowace shekara bayan haka. Wadda ta ajiye aiki da kanta tsakanin shekara 2 zuwa 5 kashi ɗaya cikin uku take samu, tsakanin 5 zuwa 10 kashi biyu cikin uku, daga 10 duka. Mai albashin 2,400, ware mata riyal 100 duk wata ya isa a shekarun farko. Mace ta san akwai abin da ke taruwa da sunanta, ta ga kwantiraginta a Qiwa, shafin ma'aikatar ƙwadago, albashi na shiga banki a rana ɗaya duk wata, ba ta saurin jin zugar wani shago.

Wannan duka yana hana tafiya ne, ba ya sa a so aiki. A 1959 wani masani ɗan Amurka, Frederick Herzberg, ya fitar da binciken da ya yi a kan injiniyoyi da akantoci kusan 200, inda ya nuna abin da ke ɓata wa ma'aikaci rai daban yake da abin da ke sa shi ƙwazo. Albashi da yanayin wurin aiki suna layin farko. Yabo da amana da koyon sabon abu suna na biyu, kuma waɗannan ba sa cin kuɗi sosai. Gwanarki tana tafiya ne don shekara uku tana ɗinka hannun riga, ke kaɗai ke yanka, ke kaɗai ke magana da masu kaya. Ki koya mata yanka. Ki bar mata amarya guda daga awo har gwaji. Idan mai kaya ta yaba, ki kira wadda ta ɗinka ta fito ta ji da kunnenta. Sau ɗaya a wata ki ba kowace minti 15 ku biyu, ki tambaye ta me ke ba ta wahala a aiki, me take so ta iya nan da Babbar Sallah. Za ki ce idan ta iya yanka za ta buɗe nata. Wataƙila, bayan shekaru. Yanzu ma ai tafiyar suke yi.

TAMBAYA: An ba ni mushrif, wato mai kula, a kan abokan aikina masu gyaran ɗakuna a wani otal kusa da Harami. Shekarata 27, uku daga cikinsu sun haife ni. Ina jin nauyin ba su umarni.

AMSA: Ɗan'uwa, Allah ya taya ka riƙo. Kada ka sauya yadda kake kiransu: wanda kake ce wa Baba ko Kawu jiya, haka za ka ce masa yau, kai za ka fara gaishe shi. Amma aikin ka mayar da shi kan takarda, hawa na kaza ɗaki kaza na wane, a lika tun safe, ta yadda jadawali ne ke ba da umarni ba bakinka ba. A makon farko ka sami dattawan ɗaya bayan ɗaya ka tambaye su abin da suka daɗe suna so a gyara. Ka zaɓi ɗaya da ke cikin ikonka, ko keken tura zannuwa ne da ya karye, ka gyara shi cikin kwana 7. Gyaran kuskurensu a keɓe. Kuma ranar da ayarin masu Umara suka fita gaba ɗaya ɗakuna suka taru, ka naɗe hannun riga ka ɗauki naka.

TAMBAYA: Duk taron da na kira na ce wa ke da matsala, sai a ce ba komai Alhaji, alhamdu lillahi. Bayan kwana biyu in ji ana ƙorafi a waje. Me ke kawo haka?

AMSA: Abu biyu ne, Alhaji, kara da tsoro. Tarbiyyarmu ba ta yarda ƙarami ya kushe babba a gaban jama'a ba, don haka tambayarka ta yi faɗi kuma ta yi nauyi. Ka rage ta. Maimakon wa ke da matsala, ka ce wane abu ɗaya ne ya ɓata mana lokaci jiya. Ka fara da mafi ƙanƙanta a wurin, ka ƙare da babba, kai ne na ƙarshe, domin da zarar ka faɗi ra'ayinka sauran amin za su ce. Wanda ba ya iya magana a taro ka ba shi damar turo saƙon murya ta WhatsApp. Duk abin da aka faɗa ka rubuta a gabansu, mako mai zuwa ka dawo da amsa iri uku: wannan an yi, wannan sai wata mai zuwa, wannan ba zai yiwu ba ga dalili. Shawarar da aka karɓa sau biyu ba a ji bayaninta ba, ba a sake kawo ta uku.

Tsoron kuwa ka bincika shi a aljihun teburinka. Idan fasfo ɗin ma'aikaci yana wurinka, ka mayar masa yau, riƙe shi saɓa doka ne. Idan igamarsa, wato katin izinin zamansa a ƙasar, ta kusa ƙarewa bai ji komai daga gare ka ba, ko kana cire kuɗin sabunta ta daga albashinsa alhali doka a kan mai ɗaukar aiki ta ɗora shi, to ba zai buɗe baki ya ce injin sanyaya sito ya lalace ba. Ka yi jerin ranakun ƙarewar igamar kowa, ka fara sabuntawa saura wata 2, ka kuma gaya wa mai ita ranar da ka biya.